Jan Ruwa a Kududdufin Kawu

Shekarar da malamanmu na jami'a suka shiga dogon yajin aiki, na dawo Illela da jaka ɗaya, littattafai uku, da girman kan da jakar ba za ta iya ɗauka ba. Ina ajin ƙarshe a Sakkwato, ina karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. A gidanmu babu wanda ya san ko me ke nan. Inna, mahaifiyata, in maƙwabta suka tambaye ta, sai ta ce likitanci nake yi, amma na abin da bai kai a gani ba. Ban taɓa gyara mata ba, don a lokacin gani nake ɓata yawu ne kawai.

Kawuna, ƙanen Inna, tufkar igiya ce sana'arsa. Asalinsu mutanen wani ƙauye ne a bayan Ƙonni, ƙetaren iyaka. Aure ya kawo Inna Illela, shi kuma ya biyo ta tun yana saurayi, ya zauna a wani ɗan ƙauye bayan Tozai saboda akwai kududdufi a gefensa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. A cikin kududdufin yake jiƙa rama, ya danne ta da duwatsu har ta ruɓe, ya sale ta, ya shanya, ya tufke. Ranar Lahadi ya ɗoro igiyoyin a bayan keke ya kawo kara, inda ake cinikin shanu. Fiye da shekara ashirin yana wannan, kuma da wuya ka ga saniya a yankin da ba igiyarsa ce a wuyanta ba. Amma duk daɗewarsa, in ana maganarsa a bayan idonsa, baƙon nan ake cewa.

Da kaka ne, ruwa ya ɗauke, kududdufai sun fara ja da baya. Wata safiya ya bugo mini waya. Kawu mutum ne mai tsokana, bai taɓa kirana da sunana ba sai ɗan boko, amma ran nan babu dariya a muryarsa.

"Ɗan boko, in kana da hali taho yau. Ruwa ya yi abin da ban taɓa gani ba."

Tun kafin in ga ruwan na ji warinsa, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da na hau tudun bakin kududdufin sai na tsaya. Ja ne, ja mai duhu kamar an jiƙa zoɓo, ya kwanta a ɓangaren da ramar Kawu take, yana rarrafawa zuwa mashayar dabbobi. Babu kukan kwaɗo ko ɗaya. Mata sun tsaya daga nesa da tuluna ba komai a ciki. A can gefe kuma ungulai sun taru a kan wani abu. Kawu ya ce karsana ce ta Ardo, shugaban makiyayan da ke zaune a wajen, ta biyu ke nan a kwana uku.

Kunya nake ji in faɗi abin da ya fara zuwa raina, amma zan faɗa: murna na yi. Wannan jan shi ne abin da na shekara ina rainonsa a kwalabe a ɗakin gwaji. Wasu bakteriya ne masu cin haske kamar tsiro. Suna nan a kowane tabki, 'yan kaɗan, babu mai lura da su. Sai ruwa ya tsaya, iskar cikinsa ta ƙare, sannan su yawaita, su yi wani jan launi a jikinsu wanda da shi suke kama hasken rana. Ba guba ba ne, ba jini ba ne. Karsanar Ardo kuwa, da na ga kumburin cikinta da jinin da ke hancinta, na fi zaton wata cuta ce ta dabbobi da ba ruwanta da launin ruwa. Na gaya wa Kawu duk wannan ina ta zuba kamar kanya. Ya saurare ni har na gama.

"To, ni na ji," in ji shi. "Mutanen gari za ka hwaɗa ma."

A kwana biyun da na yi a gidansa na ga yadda gari ke juya wa mutum baya ba tare da an ce masa uffan ba. Matarsa ta aika a ɗebo mata wuta, aka ce babu. A masallaci sahu ya riƙa barin tazara a gefensa. Da rana tsaka wani mutum ya zo ƙofar gida ya jefo igiyar da ya saya tun bara, bai yi sallama ba, bai kuma nemi a mayar masa da komai ba. Washegari muka hango hayaƙi daga rugar Ardo. Sun kwance igiyoyin wuyan shanunsu duka sun tara sun cinna musu wuta. Kawu ya daɗe yana kallon hayaƙin nan, sannan ya koma ya zauna ya ci gaba da tufka.

Rana ta uku mai gari ya kira taro a ƙofar gidansa. Maganar ba ta da tsawo. Ana cewa Kawu ya binne wani abu a ruwan, wasu na cewa don shanu su riƙa tsinke igiya a dawo a saya, wasu na cewa abin ya fi haka. Ardo ya ce shi ba ya neman diyya, so yake baƙon ya ɗauke ramarsa ya bar musu ruwa, ya kuma bar musu gari. Kawu ya rantse da Allah bai binne komai ba, ba wanda ya gaskata shi. Nan ne na miƙe, ba wanda ya ba ni izini.

"Ranka shi daɗe, a ba ni kwana bakwai. In nuna muku abin ga mai rai na, ba sihiri ba."

Mai gari ya dube ni daga sama har ƙasa. "Yaro, mi kaka son yi?"

Abin da nake son yi shi ne abin da na rubuta rabin kundin digirina a kai. Jan launin nan yana da amfani ga halittun, amma yana da haɗari. In haske mai ƙarfi da iska suka haɗu a kansa, yana haifar da abin da ke ƙona su daga ciki. Don haka Allah ya yi musu mai gadi. Akwai wani sinadari, furotin, a jikinsu da ke jin shuɗin haske, shi kaɗai, cikin duk launukan da ke hasken rana. A duhu, in iskar 'yar kaɗan ce, yana riƙe da hannun wani furotin na biyu, wanda aikinsa shi ne kulle ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin yin jan launin. Muddin yana riƙe da shi, ƙofa a buɗe take, ana ta yin ja. Da zarar shuɗin haske ya sauka a kansa sai ya sake shi, na biyun ya je ya datse ƙofar, yin ja ya tsaya. Halittar tana nan da ranta, tana hayayyafa, amma fara.

Ban faɗi wannan duka a gaban mai gari ba. Cewa na yi zan ɗebi cokali ɗaya na jan ruwan in zuba a kwalabe biyu na tafasasshen ruwa, in sa musu ɗan abinci iri ɗaya. Ɗaya zan naɗe ta da baƙin zane, ɗaya in kunna mata shuɗiyar fitila. Bayan kwana bakwai ta duhun za ta yi jawur, ta fitilar za ta tsaya fara. Na ce jini bai san fitila ba, abin da aka binne ma bai san ta ba, mai rai ne kaɗai ke ganin haske ya canza hali. Na faɗi haka da ƙarfi, ina duban idon Ardo, kamar ni na halicce su.

Ardo ba wawa ba ne. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu. Shi zai ɗebo ruwan da hannunsa, ya kuma ɗaura wa kwalbar fitilar tsirkiya da ƙullin da shi kaɗai ya san yadda ake yinsa. Na biyu, ni ba zan kusanci kwalaben ba har kwanakin su cika, a nan ƙauyen zan zauna a gaban idonsu, kada in je in sauya ruwa. Ƙauyen ba wuta, batirin sola kuwa yana gidanmu a Illela. Da aka ce wa zai kula da su, Ardo da kansa ya ce a kai wa Inna. Ya san ta, ta sha sayen man shanu a hannun matansa. Ya ce tsohuwa mai salla ba ta ha'inci, ko don ɗan'uwanta.

Da yammacin ranar muka zo Illela, ni da wakilin mai gari. Na sayi igiyar ƙananan fitilu shuɗɗa, irin waɗanda 'yan kabu-kabu ke liƙa wa ƙarƙashin babur don ado, na kewaye kwalba ɗaya da ita a ɗakin da Baba ke ajiye albasa. Kowace kwalba na zuba mata ruwa rabi kawai, na toshe bakin da auduga, marufan kuma na ajiye su a kan taga. Wannan shi ne ƙashin bayan gwajin gaba ɗaya. Mai gadin nan ba ya aiki sai da 'yar iska. In iska ta yanke ƙaf, akwai wata hanya dabam a jikinsu da ke buɗe ƙofar da ƙarfin tsiya, ko shuɗin haske ya yi ta sauka, don a lokacin haske ne kaɗai abincinsu. Na san wannan kamar yunwar cikina.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, hannunta a haɓa.

"Wagga auduga hwa, mi na amfaninta? Ga maruhwai nan."

Wakilin mai gari yana jira a waje, rana tana faɗuwa, ni kuma raina a dagule yake. Na ce, "Inna, bayanin da tsawo, ba ki ganewa. Ke dai ki girgiza su sahe da marece, kar hitila ta mutu."

Ta ce to. Bayanin da na ce yana da tsawo bai fi numfashi biyu ba: suna son iska, kada a rufe. Na yi shekara huɗu ina koyon dogayen kalmomi, na kasa faɗa wa uwata guda shida.

Kwana bakwai na yi a zauren Kawu. Jan ya ci gaba da yaɗuwa har ya rufe mashayar, makiyaya suka koma kai shanu wata rijiya mai nisa, kuma kowace safiya suna wucewa ta ƙofar gidanmu ba sa gaisuwa. Ranar Lahadi Kawu ya ɗaura igiyoyinsa a keke kamar kullum, la'asar ya dawo da su cif, ko ɗaya ba a taɓa ba. Labari ya riga shi isa kara. Wata safiya muka tarar an watsa toka a bakin ƙofa, an yi layi da ita daga bango zuwa bango. Matar Kawu ta fara ɗaure kwanukanta a tsumma, a ɓoye, tana zaton ba mu gani.

Kullum bayan la'asar nakan kira Inna, a gaban wakilin mai gari.

"Kina girgizawa?"

"Ina girgizawa."

"Hitila hwa?"

"Tana nan kunne, ko ƙyaftawa ba ta yi ba."

Rana ta biyar ta ce, "Guda ta yi ja, ja ƙwarai. Gudar tana nan hwara tas." Na yi tsalle har na buga kaina a saman ƙofar zauren. Na rungume Kawu na ce an gama, ya kwantar da hankalinsa. Ban tambaye ta wacce ce ta yi jan ba. Me zai sa in tambaya? Ai na riga na san amsa.

Kawu bai yi murna ba. Ya ce, "Ɗan boko, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." Na ce masa tsoro ne ya yi masa yawa.

Rana ta bakwai da hantsi aka taru. Mutane sun ninka na farko, har daga Araba da Gidan Katta an zo, wasu a kan katanga. Wakilin mai gari da ƙanen Ardo suka iso a babur da kwali, Inna ta naɗe shi da sabon zanenta ta ɗaure tam. Aka ajiye a kan tabarma. Ardo ya durƙusa ya kwance da kansa.

Abin da na fara gani ba launi ba ne. Marufai na gani. Kwalaben biyu a rufe ruf, an murɗa har ƙarshe, an kuma naɗe bakin da leda an ɗaure da zare. Babu auduga. Ruwan kuma ba rabi ba ne, ya cika har wuya, babu ko gurbin kumfa. Na san an samu matsala tun kafin Ardo ya ɗaga ta farkon.

Ya ɗaga mai tsirkiyarsa, ta fitila, wadda na rantse za ta tsaya fara. Ja ce wur, ta fi kududdufin kansa duhu, rana na ratsa ta tana zuba jan a kan farar rigarsa. Ya duba ƙullinsa, yana nan yadda ya yi shi. Ya warware baƙin zanen ta biyun, wadda na ce za ta yi ja. Fara ce tas, kamar yanzu aka ɗebo daga randa.

Sai wata tsohuwa daga baya ta fara salati, mutanen gaba suka ja da baya daga tabarmar.

Na gane abin da ya faru a take. An yanke musu iska. Na fitila sun koma cin haske, suka buɗe ƙofa suka yi ja son ransu. Na duhu ba iska ba haske, ba su ko motsa ba. In da a ɗakin gwaji ne, wannan ma hujja ce mai kyau, malamina har yaba mini zai yi. Na fara bayani, murya na sama, ina cewa wannan ma ya nuna mai rai ne, rufewa ce ta juya abin, a ƙara mini kwana bakwai. Wani ya ce, "Jiya hwara, yau ja, wanga tufka da warwara na." Wani ya ce abin da ke ruwan ya fi ƙarfin boko, ya ji abin da aka ce ne ya saɓa da gangan. Ganin ina nutsewa sai na kama abin da ya fi kusa da hannuna.

"Rashin iska na! Haka kududduhin ma. Ruɓewar rama ta ta cinye iskar ruwan, shi yas sa sunka yi ja!"

Na ji maganar tana fita, na kuma ji ba ta komawa. Ardo ya ajiye kwalbar a hankali. Ya juya wajen mai gari.

"Ranka shi daɗe, ka ji da bakin ɗansu. Ramar ta."

Na dubi Kawu. Ba ni yake kallo ba, tafin hannunsa yake kallo, wanda igiya ta yi wa kanta.

Mai gari bai kore shi da baki ba. Cewa ya yi a kwashe ramar kafin Juma'a, kuma kada a sake jiƙa komai a ruwan. Ga mai tufka, wannan da kora duk ɗaya ne. Bayan sati uku jan ya baje da kansa, kamar yadda yake yi, aka ce ai ga shi nan, an cire abin. Wata karsana ta sake mutuwa bayan haka, amma ba wanda ya ƙirga ta. Na sha tambayar kaina ko da an bar kwalaben a buɗe gwajin zai fita yadda na ce, tunda ruwan kududdufi tarkace ne, ba tsabtataccen irin da nake raino a makaranta ba. Ban sani ba. Alkawarin da na ɗauka a gaban jama'a ya fi ƙarfin abin da na sani, wannan kam na tabbata.

Kawu ya gama girbin geronsa ya sayar da gidan. Ranar tafiyarsu suka biyo ta Illela yin sallama, kayansu a bayan wata tsohuwar akori-kura mai zuwa Ƙonni. Ya ba ni igiya guda, sabuwa, ya ce in ɗaure littattafaina kada su gudu. Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Inna ta raka su har bakin titi, abin da ba ta saba ba, ta tsaya har motar ta sha kwana wajen iyaka.

A hanyar komawa gida tana gaba ina baya. Tun da abin ya faru ban yi mata maganar marufai ba, ita ma wakilin mai gari bai gaya mata komai ba sai cewa gwajin yaron bai ci ba. Na san al'adarta tun ina ƙarami. Magariba ba ta taɓa samun randa ko ƙwarya a buɗe a gidanmu ba, ko da tsinke ne sai ta gitta a kai ta yi bisimilla, don dare yana da abin da yake saukarwa. Na sani, kuma na bar mata kwalabe biyu masu ɗauke da zaman ƙanenta, baki toshe da 'yar auduga, na ce ba ta ganewa.

Da muka shiga soro ta tsaya tana goge ido da bakin mayafi.

"Ni dai Allah na gani, na yi iyakar yina," in ji ta. "Da nig girgiza, audugar tana jiƙewa, ruwa na zuba. Nac ce yaron ga gaggawa ta sa ya manta. Nat tahwasa ruwa nic cika maka su, nir ruhe da bisimilla. Ko dare guda ban bar su buɗe ba."

Tana kallona, tana jiran in ce wani abu. Bayanin yana bakina, gajere, kalma shida.

Na ce, "Allah shi saka da alheri, Inna."

Ta ce amin, ta wuce ciki, don rana ta kusa faɗuwa kuma randa tana buɗe.